Jinyar Inna a Hannun Ɗiyar Fari

Litinin, 8 ga Yuli, 2024
An sallamo Inna, mun dawo Bodinga. Ƙari aka cire mata a ciki, ɗinki daga cibiya har ƙasa. Ƙanwata Hussaina na Kajiji da tsohon ciki, ƙanena Jamilu kuwa namiji ne, sai jinya ta faɗo kaina. Ni ɗiyar fari. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, a Sifawa ma na tashi, wurin kaka. Ba faɗa muke ba. Kunya ce, haka muka tarar.

Talata, 9 ga Yuli
Magani biyu likita ya haɗa mata, farasitamol da ibufurofen, bayan ta ci abinci. Wai kowanne da inda yake kama ciwo, tare sun fi aiki. Ya ja mini kunne: kada a ɗora komai a kai, in bai isa ba a dawo a faɗa masa. Na ce to.

Alhamis, 11 ga Yuli
Na tambaye ta ko da ciwo. Ta dubi bango ta ce, "Alhamdu lillahi." Zufa na tsattsafo mata a goshi. Ban matsa ba.

Asabar, 13 ga Yuli
'Yan dubiya har ƙofa. Ina wanki a tsakar gida na ji tana ce wa Ladi, maƙwabciyarmu, "Kamar yanzu aka yanka ni." Oho. Ashe Ladi ce ta isa a faɗa wa. Na ci gaba da wankina.

Litinin, 15 ga Yuli
Yau har ta zauna bakin ƙofa tana shan iska. Magani ya karɓe ta ke nan.

Laraba, 17 ga Yuli
Jiri ya kwashe ta a bayi. Bayan gidanta baƙi ƙirin kamar kwalta. Ina kakkaɓe shimfiɗa don mu tafi asibiti sai ga ƙullin leda, ƙwayoyi kala-kala, haɗin kyamis. Ladi ta riƙe haɓa, ashe ita ta sawo mata. "Wallahi tausai ta ba ni, Ramatu. Ita ta ce kada in hwaɗa miki." Na ɗauki ledar, mota na jira.

Alhamis, 18 ga Yuli
Likita ya ce a cikin haɗin akwai dangin ibufurofen, sun taru sun ci mata ciki har yana zubar da jini. An ƙara mata jini. Ya ce, "Ba ta gaya miki tana jin ciwo ba?" Na ce ni ce ta fari. Bai sake tambaya ba, shi ma ɗan nan ne.

Haushi nake ji. Nata, da na Ladi, da na wankin nan da ban ajiye ba.

Lahadi, 21 ga Yuli
An canja mata magani, jinin ya tsaya. Da hantsi ina fifita mata kunu sai na ji an ce, "Ramatu." Na waiga gadon kusa, na zaci wata mai sunana ake kira.

"Ramatu, nan ka yi mani ciwo." Ta kamo hannuna ta ɗora gefen ɗinkin.

Na ce bari in kira nas. Ba wani abu ba ne, ai sunana ne, kowa na kiran shi. Na dai daɗe tsaye a baranda ina neman nas ɗin, ita kuwa tana gabana tana tambayata lafiya.