Yatsu Biyu a Kan Taswira

Greensboro, 9 ga Afrilu, 2006

Zuwa gare ki Chamsiya, sanyin idona, ruwan randata a tsakar rana, inuwar da nake hange tun daga nesa.

Yau na zo miki da kunya. Kin tuna ranar da na kira ki da katin waya, na ce jirgina zai tsaya awa biyar a Paris kan hanyar Yamai, ki taso daga Roma ki gan ni? Ni sarkin wayo har na ce ai kusa ne. Akwai taswira a bangon siton da nake aiki a titin Wendover, na ɗora yatsuna a kai, biyu kacal suka rufe tsakanin garuruwan. Har gori na yi miki.

Kuma kika zo! Ke da ko tsani ba ki son hawa, kika shiga jirgi ke kaɗai, jarrabawa na jiranki washegari. Na hango ki cikin mayafinki ruwan zuma, kina haki, kina dariya, riƙe da ƙullin kilishin da kika yi wata biyu kina ɓoyo. Fuskarki kamar gona bayan ruwan farko. Cikin awa biyar ɗin, minti arba'in kacal muka samu. Kika tambaye ni yaushe magabatana za su je wurin Babanki a Damagaram, ni kuwa na kama zancen takardun zama. Sai kika gyara mini wuyan riga.

Jiya abokina Haris, ɗalibi a jami'a, ya duba mini nisan Roma da Paris a kwamfuta. Kilomita dubu ɗaya da ɗari ɗaya ne, Chamsiya, a miƙe ta sama! Wace irin zuciya Allah ya ba ki? Wace mace ce za ta ratsa duwatsu masu ƙanƙara don minti arba'in da mutumin da ke auna duniya da yatsa? Itatuwan garin nan sun cika da farin fure, amma wallahi ban ga wanda ya kai ki haƙuri da kyau ba. Ina tsoron shirun nan naki, don tun ranar ba ki sake tayar da maganar auren ba.

To ga amsar da na kasa ba ki. Na kira Kawu Moutari. Ranar Asabar zai hau mota daga Yamai da goro, ya nemi aurenki wurin Baba. Ki yafe mini, ki ce wa Baba kin yarda.

Na sa Haris ya duba wannan ma. Yamai zuwa Damagaram kilomita ɗari tara ne. Ko a nan kin fi ni da ɗari biyu, kuma ban ƙi in ƙare rayuwata ina biyo ki a baya ba.

Naki shi kaɗai, yau da gobe har ƙasa ta rufe idona,
Nouhou