Na Biyo Injina

Ranar Juma'a

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yan jikokina. Yaya aikin makaranta? Yaya ƙirjin mamanku? Allah ya sa tarin ya lafa. Ni lafiyata lau, in ban da ciwon baya na zaman mota.

Bayan gaisuwa, na san an neme ni. Ki kwantar da hankalinki, ban ɓata ba, ban kuma zautu ba. Injina na biyo. Ranar Talata na ga wata takarda a kan teburin babban yayanku, daga mutumin da ya sayi injin niƙan nan. Ya ce tun da aka kafa shi bai yi aikin kirki ba, gari yana fitowa tsaki-tsaki, injin ya yi zafi ya mutu, wai gawa aka sayar masa. Auta, shekara talatin da huɗu muna tare da injin nan. Ranar da aka raba mu, motar ɗaukar kaya kawai na gani a ƙofar shago, na haƙura. Amma a ce masa gawa, wannan kam na kasa haɗiyewa. Na kwafi kwatancen garin, na ɗauki jakar sifanuna, jiya da safe na fita kamar mai zuwa shan iska.

Mota uku na shiga. Ta ƙarshe ta ajiye ni a mararraba, mai babur ya ƙaraso da ni. Ashe na yi rashin sa'a. Kasuwar garin ranar Laraba take ci, ni kuwa na iso Alhamis. Mai injin, wanda suke kira Dogo, manomi ne a wani ƙauye can ƙetaren rafi, ranar kasuwa kaɗai yake shigowa. Dole in jira.

Da kin ga garin nan da kin yi mamaki. Kasuwar ta fi garin girma. Rumfuna ne layi-layi, ba kowa a ciki, sai awaki kwance a kan teburan mahauta, da ɓawon rake, da ledojin da iska ke kora. Na zagaya ta sau biyu, mutum uku na gani: mai shayi, da mai gyaran keke, da wani tela. Telan ne ya ba ni ɗaki a bayan shagonsa. Katifa ce a ƙasa, da buta, da ƙusa ɗaya a bango inda na rataya rigata, sai taga mai kallon rumfunan.

Kin san halin kunnen nan nawa, na hagu ya tafi, na dama saura kaɗan. Tela ya yi ta mini bayani kansa na kan keken ɗinki, ni kuma ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Da ya gane, sai ya ɗauki allin da yake zana yadi, ya rubuta a kan teburi: "Mai shayi ya ce kana da girman kai, ya gaishe ka sau uku." Na koma na ba mai shayi haƙuri, na nuna masa kunnena. Ya yi dariya, ya cika mini kofi. Daga nan kuma bai sake ce mini komai ba, domin hira da ni aiki ce.

Na gano inda injin yake, wata rumfar kwano ce a kulle. Na leƙa ta tsagar ƙofa na hango shi, da koren fentin da na yi masa da hannuna. Sun girke shi a karkace. Na daɗe tsaye a wurin har wata akuya ta zo tana shinshina jakata.

Zan gaya miki abin da ban taɓa faɗa ba. A gidan yayanku ba a rage ni da komai ba, ci da sutura da magani. Amma in an zauna ana hira, bakuna kawai nake kallo. A yi dariya, in tambayi me aka ce, a ce ba komai, Baba. Nan ma shirun ne, sai dai nan ba wanda ya san ni, shi ya sa bai yi mini ciwo kamar na gida ba.

Kada ki wahalar da kanki da kiran waya. Ki rubuto, ki ba direban motar kasuwa, ki ce a kawo shagon tela. A takarda kowace kalma tana iso mini a cike. Ki gaida mamanku, ki ce ta yafe mini fitar da na yi ba sallama.

Ni ne babanki.

Ranar Alhamis

Zuwa ga Autata,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kowa yana lafiya. Direba ya ce ya kai takardata, amma bai kawo mini amsa ba. Na san kina fushi. Kina da gaskiya.

Jiya kasuwa ta ci. Tun ina kwance na ji shigowar manyan motoci a ƙashin bayana, ƙasa na rawa. Kafin hantsi garin da na sani ya ɓace. Ba masaka tsinke: buhunan hatsi, tumaki, tukwane, yadi, gishiri, mutane daga kowace kusurwa. Dubban bakuna suna motsi, ni kuwa abin da ke iso mini bai wuce kamar ana ruwa a wani gari mai nisa ba. Wani mai kura ya kusa ture ni, na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na san zagi nake sha.

Dogo ya iso yana buɗe kwaɗo, na gabatar da kaina. Sunan ya dace da shi, sai da na ɗaga kai. Da ya ji ni ne tsohon mai injin, ya sunkuyo saitin fuskata ya daka tsawa: "Ku ne kuka cuce ni!" Wallahi Auta, daɗi na ji. Rabon da in ji magana sarai haka har na manta. Na ce masa ya ba ni awa biyu, in bai tashi ba ya ci gaba da zagin.

Ba abin da ya sami injin nan sai rashin sani. Faifan ƙarfen nan biyu masu niƙa, an sa ɗaya a baibai. Bel ya yi tsauri har yana cin boris ɗin da sandar injin ke juyawa a kai. Ƙafar injin ɗaya kuma tana lilo a iska. Na kwance, na wanke, na juya faifan, na sassauta bel, muka cusa katako a ƙarƙashi. Dogo ya murza hannun tayarwa. Na ɗora tafina a kan murfin, kamar yadda nake yi tun da kunne ya ƙi, na ji bugunsa ya daidaita. Wata mata ta ba da masararta a gwada. Garin ya fito da laushi, ta murza a yatsa, ta juya ta faɗa wa na bayanta wani abu. Kafin azahar layi ya kai bakin rumfar masu tukwane.

Dogo ya kama hannuna da hannu biyu ya girgiza. Daga nan aiki ya ɗauke shi. Na koma gefe na zauna a kan buhu, baƙin mai har gwiwar hannu, zuciyata fal, na duba dama na duba hagu, ba wanda zan ba labari. Mamanku na tuna. Da tana nan da ta ce to, an ji, je ka wanke hannu.

Ina zaune na lura da wani abu. In mace ta yi wa Dogo magana, sai ya karkata kai ya miƙa mata kunne ɗaya. Haka nawa ya fara. Na tashi na sayo auduga na kai masa, na nuna masa ya toshe. Ya yi dariya ya jefa a aljihu. Irin dariyar da na yi wa mamanku ce sak, shekara talatin da suka wuce.

Da kasuwa ta watse ya zo ya same ni a shagon tela. Ya ce damina ta matso, gona za ta riƙe shi, ko zan riƙa kama masa injin ranar kasuwa? Tela ne ya rubuta mini da alli. Na karanta sau biyu. Na ce na yarda.

Saboda haka ki gaya wa yayanku, tsohon da ya zaunar a falo ya sami aiki. Yau garin ya koma na awaki, amma ga mabuɗi a aljihuna, zan wuni ina gyara haƙoran faifai. Ki shafa mini kan yara.

Babanki.

Ranar Alhamis

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya yi miki albarka, ya ba mamanku lafiya. Takardarki ta iso jiya da safe, na karanta a tsaye a ƙofar rumfa.

Kin ce yayanku ya kwana biyu yana zagaya tashoshi da asibitoci kafin takardata ta farko ta iso. Kin kuma ce sau uku ya zaunar da ni a kan zancen sayar da injin, sau uku ina gyaɗa kai ina cewa to. Na tuna zaman. Na ɗauka maganar gyaran rufin shago yake yi. Na ninke takardar na ce sai an tashi kasuwa zan yi tunani a kai. Ban san abin da ke jirana ba.

Aiki ya fara lafiya. Dogo ya leƙo ya ga komai daidai, ya ce zai sayi taki ya wuce gona. Wajen sha ɗaya rumfar ta cika. Ina tsaye ina tura hatsi, na ba bel baya. Wata tsohuwa, sa'ar mamanku, ta sunkuya tana tsince ƙwayoyin da suka zube mata, sai bel ya kama bakin mayafinta.

Auta, an ce duk matan da ke wurin sun yi ihu. An ce har masu tukwane sun ji sun taso. Ni ina nan tsaye, taku biyu tsakanina da ita, ina tura hatsi. Na ji injin ya yi nauyi a tafina, na ce a raina tsakuwa ce ta shiga. Sai ji na yi an hankaɗe ni na faɗi. Dogo ne, Allah ya sa bai yi nisa ba, ya kashe injin. Da na juyo na gan ta a ƙasa, mayafin ya shaƙe mata wuya, fuskarta dab da bel. Wani mahauci ne ya yanke shi da wuƙa.

Tana da rai, alhamdulillahi. Wuyanta ya yi shati, hannunta ya goge. Muka kai ta ɗakin shan magani aka wanke aka ɗaure. Na durƙusa a gabanta na ce ta yafe mini, ni kurma ne, ban ji ba. Ta dube ni, ta yi magana mai tsawo, a hankali, tana dafe da maƙogwaro. Na zuba wa bakinta ido, ban kama ko kalma ɗaya ba. Na tambayi Dogo me ta ce. Ya sunkuyo ya ce da ƙarfi, "Ta ce ba komai, Baba!" Amma abin da ta faɗa ya fi haka tsawo. 'Ya'yanta suka ɗora ta a babur suka tafi ƙauyensu. Ko yafewa ta yi, ko Allah ya isa, ban sani ba, ba kuma zan sani ba.

Ba wanda ya kore ni. Dogo ma cewa ya yi tsautsayi ne. Amma na zauna a ƙofar ɗaki har rumfuna suka koma wayam, na ga abin da yayanku ya gani tun bara. Da jikata ce ta shigo shago ta bayana fa?

Yau tun safe muna tare da mai gyaran keke. Mun sami tsohon kwano da katako mun yi wa bel ɗin rufi, yanzu ko da gangan mutum ya kai hannu ba zai taɓa shi ba. Na nuna masa yadda ake sa faifai, domin ya fi Dogo natsuwa. Na share rumfar, na kulle, na ba tela mabuɗin ya ajiye wa mai shi. Sifanun ma na bar su a can.

Jibi Asabar zan taso, in Allah ya yarda, motar ƙarshe takan isa tasharku bayan la'asar. Ki ce wa yayanku shi nake so ya zo tasha, kada ya aiko kowa. Ina da magana da shi, kuma ni zan yi ta, ba sai ya wahalar da maƙogwaronsa ba. Zan zauna a bencin da ke kusa da ƙofar fita. In ya hango ni kada ya tsaya kira, ya ƙaraso ya dafa kafaɗata.

Ki gaida kowa da kowa.

Ni ne naki,
Baba.