Fuskar Roba ta Baban Bishu

Zuwa ga ƙanwata Tarubala,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki riƙa gasa mata da ruwan ɗumi.

Kin sha tambayata yadda abin ya faru, to yau zan gaya miki. Ina bakin kogi ina wanke tukunya na hango kwalekwalen masu ɗibar zuma yana dawowa, ba mai waƙa, ba mai ɗaga hannu. Sai na ga mayafin mijina, baban Bishu, ɗaure a kan sanda. A nan na gane Kawu ya ɗauke shi. Kin gani, ko a takarda Kawu nake ce masa yadda muka saba, hannuna ba ya son rubuta damisa. Ko ƙashinsa ba su samo ba.

Kin san doka in miji yana daji: ba shafa mai a gashi, ba hura wuta da rana, ba rufe ƙofa. Duk na kiyaye, Taru. Amma surukata ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Ke kika cinye mini ɗa! Warinki Kawu ya bi." Yanzu in na fito ɗibar ruwa sai mata su janye 'ya'yansu. Wai duk wanda na ba abinci da hannuna, daji zai kira shi. Matar ɗana Bishu ta haifi namiji, ba a bar ni na ɗauke shi ba, kuma an ce ranar bikin da za a fara ba shi shinkafa kada in kusanci gidan.

Na sami aikin shara a tsibirin da ake ajiye damisoshin da aka kama a ƙauyuka. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Ki gaida kowa.
Yayarki, Shefali

Ƙanwata Tarubala,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara. Tarin autarki ya yi sauƙi? Ni lafiya lau, kuma yau da albishir na zo.

Bayan ambaliya an kama wani tsohon damisa a garken awakin ƙauyenmu, aka kawo shi nan. Haƙorinsa ɗaya a karye, ratsin jikinsa ya koɗe. Rafikul, mai ba damisoshin nama, ya ce da wuya in ba shi ne ya ɗauki baban Bishu ba. Da farko in na zo gefen kejinsa tsintsiya faɗuwa take daga hannuna. Rafikul ya ba ni fuskar mutum ta roba, irin wadda masu shiga daji ke ɗaurawa a ƙeya, ya ce, "Yaya, ɗaura wannan. Kawu matsoraci ne, sai ta baya yake zuwa." Kullum da ita nake shara.

Ranar kasuwa sai ga surukata da matan unguwa cike da kwalekwale, ta zo ta tofa wa wanda ya ci ɗanta yawu. Da ta gan ni ta ce, "Ku duba, ta biyo shi har gida! Matsa kusa mana, mu ga yadda zai tarbi 'yar gidansa."

Na matsa, Taru. Na tsaya dab da wayar kejin, na dube shi cikin ido. Ya yi hamma, ya lashe dantsensa, ya kau da kai. Matar mai shayi ta ce, "Ashe ma bai san ta ba!"

Surukata ta juya za ta rufe mata baki. Juyawarta ke da wuya ya tashi. Ban taɓa ganin sauri irin wannan ba. Ya daki waya da ƙirji daidai bayanta, ta zube a laka, mata suka watse da ihu. Na ɗaga ta, na cire fuskar daga ƙeyata na ɗaura mata, na ce, "Uwa, sake juyawa." Ta juya masa baya. Ya dubi idanun roban, ya ja da baya, ya koma inuwa ya kwanta.

Ta kwance fuskar, ta daɗe riƙe da ita a hannu. Can ta ce, a gaban kowa, "Ta ɗana tana can gida rataye a bayan ƙofa. Ni na ce ya bar ta, wai abin wasan yara ne." Na goge mata laka da gefen zanena, muka yi kukanmu tare.

Jiya aka yi bikin shinkafar. Bayan wan uwar yaron ya ba shi lomar farko, surukata ta miƙo mini kwanon da kanta, ta ce wa matan, "Wadda ba ta so, ga hanya." Ba wadda ta tashi. Na ba yaron, ya cinye, ya ciji yatsana, ya tofa mini saura a fuska. Goshin kakansa ne sak. Fuskar robar babansa kuwa, Bishu ya sauko da ita daga bayan ƙofa, ya ce ba zai ƙara shiga daji babu ita ba.

Ki gaya wa Inna komai yanzu, ki gaishe ta. Abu ɗaya ya rage: har yau ba a ɗaura mayafin baban Bishu a bishiyar wurin da aka ɗauke shi ba, kamar yadda ake yi wa wanda Kawu ya ɗauka. Yana nan cikin akwatina, ina jiran kwalekwalen da zai yarda ya kai ni.

Yayarki mai ƙaunarki,
Shefali