Motar da Ke Kwance Ba Ta Numfashi

Bebeji,
4 ga Mayu, 1976.

Zuwa ga ƙanena Isyaku,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Inna?

Ga akori-kurar marigayi maigidana nan na aiko maka Doguwa. Sharaɗina ɗaya ne: duk Litinin ka kai Inna asibiti Tudun Wada a wanke mata gyambon nan. Likita ya ce mai ciwon suga ba ya tsallake mako.

Injin ya tsufa, yana hura tururin baƙin mai cikin kafireta har fulogi su toshe. Shi ya sa Ɗantani bakanike ya huda gwangwanin madara, ya ɗaura shi a tiyon da injin ke numfashi, man ya riƙa taruwa a ciki. In mota na aiki, wata guda yake cika. Ka riƙa zubarwa. Yau da hannuna na wanke shi tas.

Ka gaida min Inna da kyau.

Yayarka,
Kubura.

Kano,
9 ga Agusta, 1976.

Isyaku,

Ina gaishe ka, don Inna ta koya mana gaisuwa. Lafiyarka kuwa na san ƙalau take.

Wasiƙa uku ka rubuto min cewa mota ta lalace tun makon farko, ana jiran kayan gyara daga Ikko. Na yarda. Har addu'a na yi maka.

Da muka yi hutun makaranta na zo Doguwa, aka ce ka tafi ɗaurin aure Kiru. Na tarar da motar can bakin kasuwa cikin tamfol. Agogon mil yana nan inda na bar shi, ka zare masa waya. Dabara ce, na yaba. Sai na buɗe bonet. Gwangwanin ya cika ya tumbatsa, man ya bi jikin inji ya yi danƙo. Motar da ke kwance ba ta numfashi, Isyaku. Da ka ji maganata ka zubar ko sau ɗaya, da har yau tausayinka nake ji.

Maƙwabcinka Dikko bai ɓoye min ba: kifin Tiga kake ja zuwa Kano, kwana biyar a mako. Ta Tudun Wada kake wucewa, zuwa da dawowa, kujerar gefenka babu kowa. Inna kuma tana ƙuryar ɗaki tana ɗaure ƙafa da tsumma.

Dikko ne ya tuƙo mu, ni da Inna, a motar zuwa asibiti nan Kano. Murɗa makulli ɗaya ta tashi.

Likita ya duba jiya. Ranar Alhamis za su yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Inna ta ɗauka Dikko ne ya lallaɓa injin. Tana ta ce min kada in matsa maka, wai ka sha wahalar neman kayan gyara. Ban gaya mata komai ba, ba kuma zan gaya mata ba. Ka zo kafin Alhamis ka faɗa mata da bakinka, tun tana da ƙafa biyu.

Yayarka,
Kubura.