Gonar Fadama Ta Aƙilu Ce

Da sunan Allah. Ni Maitama na Dayi, ƙafafuna sun ƙi ni, amma hankalina garau yake. Wanda ya ce tsufa ne ke magana, ya zo ya faɗa a gabana tun ina numfashi.

Na ɗaya. Maharazu, kai ne babba. Gida da rumbuna da gonar auduga, ku raba da ƙanwarka Rabi'atu yadda shari'a ta ce.

Na biyu, maganar autanku Aƙilu. Mahara sun ɗauke shi yana kiwon awaki, aka yi ta sayar da shi har Lakwaja. Ni da na haife shi ban san inda yake ba. Limaman Nasara da ake kira Fada ne suka fanshe shi, suka raine shi a addininsu na Katolika. Ya ba ni labarin tsarinsu: Fadan Lakwaja yana bin babbansu na Asaba, shi kuma yana bin na birnin Rum, ba mai ɗaga ƙafa sai da izini. Aƙilu ya yi ta naci har Asaba ta sallame shi, ya nemo gida da gemunsa, da tsagar gidanmu a kumatu. Addininsa yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Na uku. Malamai sun ce ba ya gadona. Gaskiyarsu, ban ja da shari'a ba. Shi ya sa na ba shi gonar fadama kyauta da raina, na sa ya yi huɗa, ya shuka, ya girbe a gaban shaidu. Abin da ya bar hannuna ba gado ba ne. Maharazu, na ji kana sintiri zuwa garin Kafur neman malamin da zai warware wannan. Ka hutar da jakinka.

Na huɗu. Rabi'atu, tuwon da kike kai wa Aƙilu a ɓoye, daga yau ki kai kowa na gani.

Na biyar. Ranar da na cika ba zai shiga sahun salla ba, na sani. Amma ɗaukar gaban makarata nasa ne shi da Maharazu, kafaɗa da kafaɗa. Duk wanda ya ture shi, ban yafe ba.

Allah ya yi muku albarka ku uku, ya shirya mini Aƙilu. Ku riƙe juna, ƙofar gidan nan ɗaya ce. An taɓa raba ni da yaron nan da tsinin mashi. Ba za a sake raba mu ta hannun 'ya'yana ba.