Malam, Ba Zan Manna wa Likitan Nan Hancin Roba Ba

Zuwa ga Malam Haruna, shugaban ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗaliban Hausa a unguwar Hay el-Sabi', Alƙahira.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni ce Balaraba, mai ɗinka wa ƙungiya kayan wasa. Na rubuto a fili ne saboda ranar Asabar, a gaban kowa, ka ba ni hancin roba da jan gashin ƙarya, ka ce in haɗa su da kayan Bayahuden likita na wasan da muke shiri. Na karɓa don kunya, amma ba zan yi ba, ko da wannan zai raba ni da ƙungiya.

Na ɗaya, Malam, kai ka ɓata ni. Da na zo daga Damagaram, almakashi kawai na sani. Kai ka zaunar da mu, ka ba mu labarin fadojin Turai na da, yadda sarakuna ke jawo Yahudawa su zama likitoci da tafintoci, amma ranar da sarki ya yi ciwon ciki ko gari ya harzuƙa, sai a ce Bayahude ya zuba guba, a rataye shi. Sannan masu wasa su sa ƙaton hanci da jan gashi, a yi dariyar wanda aka kashe. Ban taɓa ganin malami irinka ba. Ka fassara wasan nan da Hausar da ta sa ni kuka a kan keken ɗinki, har na ɗinke hannun riga a baibai.

Na biyu, na ji hujjar kwamitin ƙungiya: wai in babu hancin 'yan kallo ba za su yi dariya ba, wai kuma a duba abin da ake yi wa Falasɗinawa. Wallahi ni ma abin yana hana ni cin abinci. Amma likitan nan ya riga wannan zamani da ɗaruruwan shekaru, kuma a wasan ma ƙarya aka yi masa.

Na uku, na san wannan dariyar. Bara aka nuna wani wasa a talabijin, an shafa wa wani ɗan wasa baƙin fenti ya fito a baƙar fata, yana gwaranci. Washegari a unguwar Ard al-Liwa mai tuk-tuk, wato babur mai ƙafa uku, ya kwaikwayi muryar a fuskata, fasinjoji suka fashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce mini ma'alish, wato in yi haƙuri, ita ma tana danne tata. Na sauka tun ban kai ba, na ƙarasa gida da ƙafa.

Roƙona biyu ne. Ka bar Sani, wanda zai fito a likitan, ya hau dandali da fuskar da Allah ya ba shi. Ka kuma tsaya minti biyar kafin a fara, ka gaya wa 'yan kallo abin da ka gaya mana. Idan kwamiti ya fi ƙarfinka, khalas, shi ke nan, a cire sunana, a nemi wani tela. Zai yi mini ciwo, don a duk Alƙahira nan ne kaɗai nake wuni ina Hausa.

Allah ya ƙara maka ilimi da lafiya, ya ba ka ƙarfin tsayawa a kan abin da ka sani.

Wassalam.
Ɗalibarka, Balaraba.