Muryar Hajo a bayan zana

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu, da irina waɗanda sai an karanta mana. Ni tsohuwa ce a birnin Sakkwato, ban san baƙi ba balle boko. Wani malami mai rubuta wasiƙa na sa ya rubuta, bayan ya rantse zai rufe bakinsa. Don Allah kada ku yanke mani hukunci sai kun ji ƙarshe, sa'an nan mai zagi ya zaga, ni ma na riga ku.

Ku fara sanin ko ni wace ce. A unguwarmu ba a taron suna ko biki ba a aiko mani ba, don in na buɗe baki da labari, mai daka takan tsaya da taɓarya a sama. Ina yin muryar amarya, ina yin ta tsoho marar haƙora, ina yin ta Bagobiri da ta Bafillatana mai nono. Allah ne ya ba ni, ban roƙi kowa ba, kuma ban taɓa cin amanar kowa da ita ba sai a wannan magana.

Shekarar da Nasara suka ja hanyar mota ta tsakiyar unguwarmu, aka rushe mana gidaje. En'e, wato hukumar sarki, ta gina jerin gidajen laka don mu da aka rushe wa, aka ɗora wani malami a kan rabo, muna kiransa malamin gidaje. Na sami na farko a layi. Ƙawata, bari in kira ta Hajo, wadda muka yi tallar fura tare tun muna 'yan mata, aka ce mata sunanta bai fito a takarda ba. Mijinta ya rasu, ba ta da mai tsaya mata, ta tattara tukwanenta ta koma Dundaye wurin ɗan ƙanenta, aka ba ta wani ɗaki da rabinsa na awaki ne. Gidaje uku da ke jere da nawa kuwa ba wanda ya tare. Rana tsaka jakuna suka zo da fatun awaki da buhunan gero na 'yan kasuwa, aka jibge a ɗakunan, aka rufe. Warin fata har cikin tuwona. Na gani, na yi shiru. Wa zan gaya wa?

Ran nan malamin ya yi sallama, ya durƙusa kamar ɗan kirki.

"Inna, jibi Bature za shi zo duban gidaje. In yat tarar da gida ba mutum, layin ga duka za a karɓe a ba 'yan doka, har naki."

Na ce, "To ni mi nawa ciki?"

Ya ce, "Gidan matan kulle namiji ba ya shiga, ko Bature na. Zaure za shi tsaya, hayaƙi za shi gani, murya za shi ji. Muryoyi kuwa, Inna, wa ad da su kamarki a garin ga? Sunayen ma na waɗanda sunka bar gari ne tuntuni."

Tsoro ya kama ni, wannan gaskiya ne, ina zan kai tsufana in an kore ni? Amma ba tsoro kaɗai ba ne. Yabon ya yi mani daɗi, kuma wannan shi ne abin kunyar. Ranar zuwan Baturen, da sassafe na bi ta gibin zanar da ke bayan gidajen, na hura murhu uku da ɗanyen kara don hayaƙi ya yi kauri, na zuba turare a kasko saboda wari, na rataya tsummokaran zane a igiya. Bature ya zo da tafinta. Malamin ya kira suna na farko, na amsa da muryar amarya mai kunya, har Baturen ya yi dariya. Na zagaya, na biyu na zama masifaffiya mai ƙorafin rufi na yoyo, ya rubuta yoyon a littafinsa. Na faɗa gida na uku ina haki, sai na ji an kira sunan Hajo, da na ubanta, da na mijinta marigayi.

Na san ita ce. Ba zan ce na ruɗe ba. Na tsaya a bayan zana, buhunan gero a ɗakin da aka gina dominta, zuciyata ta ce ki yi shiru. Bakina bai yi ba. Kuma da na yi wata murya daban, da da sauƙi. Tata na yi. Dishi-dishin nan nata, da ɗan tarin da takan yi sau biyu kafin ta fara magana, da yadda take jan "wallahi dai". Na ce gida ya yi kyau, Allah shi saka wa hukuma. Baturen ya tambayi tarin, na ce na gado ne. Sau uku Baturen ya zo duba, sau uku na zama Hajo.

To ku gaya mani, wannan shi ne duba? Mutum ya taso daga bariki a kan doki, ya tsaya ƙofa yana ƙidaya hayaƙi? Duk garin nan babu mace ɗaya da za a ce ta leƙa ɗaki? Hancinsa bai ji fata ba? Ko ya tambayi mai unguwa, ko mai sayar da ruwa da ya san gidan da ake sayen ruwa da wanda ba a saye? Sun rushe mana gida da awo da igiya, ba su kuskure ko taku ɗaya ba, amma da aka zo mayar mana, hayaƙi ya ishe su shaida.

Damina ta rushe bangon ɗakin Hajo a Dundaye. Ta tako da ƙafa har ofishin Baturen, ta zauna a ƙofa kwana biyu sai da aka shigar da ita. Ta yi tarinta sau biyu, ta ce wallahi dai ba a ba ta gida ba. Tafinta ya ba da labari a kasuwa: Baturen ya ɗaga kai ya ce ya san wannan murya, ya san wannan tari, sau uku tana yi masa godiya daga bayan zana. Aka ce maƙaryaciya ce mai neman gida biyu. An miƙa ta ga alƙali, za a zauna in Baturen ya dawo daga rangadi wata mai kamawa. Matar da ko goron wani ba ta taɓa ɗauka ba, yau ana nuna ta da baki.

Na je na sami malamin a zaurensa. Na ce, "Kai ɗan ga, ba kac ce sun bar gari ba?"

Ya ce, "Ai ta bari, Inna. Dundaye cikin gari ta?" Ya ɓare goro, ko miƙo mani bai yi ba. "Ki kama bakinki. Ni ban hura wuta ba, ban yi tari ba. In kin yi magana, gidanki shi aka fara karɓewa, ki tai ki taya ta kwana da awaki."

Ni zai gaya wa haka? Ni da na ga uwarsa da cikinsa?  An kwashe fatun, an share ɗakin nan da aka gina da sunan Hajo, an aje tabarma da randa kamar tana ciki.

Shekaranjiya ta zo gidana. Ta rame, ƙafarta duk faso. Na dama mata fura, ta sha kaɗan ta aje. Ta ce mutanen Dundaye sun ce aljana ce ta ari muryarta. Na ce ikon Allah. Ta daɗe tana kallon gibin zanar nan ta baya.

Ta ce, "Kin tuna muna talla, kikan yi muryata ki kira masu saye, su zo wurina in rasa wa yak kira su?"

Na ce na tuna.

Ta ɗaura gyalenta ta miƙe. A bakin ƙofa ta ce, "'Yar uwa, ban ce ki yi rantsuwa ba, ban ce ki kama sunan kowa ba. Ranar nan ki zo gaban alƙali ki yi tari sau biyu. Shi ke nan abin da nika so."

In na yi tarin nan, an wanke Hajo, ni kuwa na rasa ɗaki da sunan da na shekara sittin ina tarawa, malamin wataƙila ko rawaninsa ba zai karkace ba. In na yi shiru, ina da rufi a kaina, ita a ɗaure ta da ƙaryar da bakina ya yi. Jiya na gwada ni kaɗai a ɗaki, tarin ya fito daidai kamar kullum. Jama'a, don Allah, ni me zan yi?